Gishirin Tattabaru

Asabar, da hantsi

Jiya aka sallamo mu daga asibiti. Na ce mu, don ni ma jinyar na yi, a kan tabarma a gindin gadon maigidana, har bayana ya manta yadda katifa take. Mutumin ya shigo gida da ƙafarsa, yana ɗan jan ta hagun, kuma abin da ya fara tambaya shi ne tattabarunsa. Ni da na rame na zama kamar tsinken tsintsiya, ko kallo ban samu ba. Kai tsaye ya wuce ƙuryar tsakar gida inda ya kafa musu ɗakin katako, ya tsaya yana yi musu magana da bakin nan nasa da bai gama komawa daidai ba. Su ma suka yi ta kaɗa fiffike, sai ka ce su suka yi zaman asibitin.

Kafin mu taho likita ta zaunar da mu. Ba gishiri, ba dunƙulen magi, mai kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ta ce idan hawan jinin da ya kayar da shi a shago ya sake dawowa, ba lalle ne ya tashi ba. Ni take kallo tana faɗa, ba shi ba. Shi yana can yana murza yatsun hannunsa na hagu, yana duba ko za su ƙara riƙe ƙusa.

Auta ce ta ba ni littafin nan kafin ta koma gidan mijinta, wai in riƙa rubuta abin da babanta ya ci don a nuna wa likita. To, ga shi na rubuta: ya sha shayi, ya ci dafaffen dankali. Sauran shafin nawa ne.

Lahadi, bayan azahar

Na yi miya ba gishiri. Tunda nake, ban taɓa jin kunyar tukunya irin ta yau ba.

Muna ango da amarya, a ɗaki ɗaya da risho, na taɓa zabga wa miya gishiri har sai da ya shanye ruwan da ke cikin jug. Bai yi faɗa ba. Dariya ya yi, ya ce daga yau shi ne ma'aunina. Tun daga ranar ban ƙara ɗanɗana miyata a kan wuta ba. Idan ta kusa, sai in ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya, shi kuma duk abin da yake yi ya ajiye ya zo, da yake shagon kafintarsa a jikin gidan yake. Ya miƙo tafin hannu da garin katako a jiki, in ɗiga masa, ya lasa, ya ɗaga ido sama kamar alƙali.

"Saura kaɗan, Mai Ludayi."

In ƙara, in juya, in sake ɗiga masa.

"Ya yi."

Yaran nan har suka girma suka watse suna yi mana dariya a kan wannan. Yau na ɗaga ludayin zan ƙwanƙwasa, sai na tuna babu abin da za a auna. Na mayar da shi cikin tukunya.

Ya cinye tas. Ni loma biyu na kai na ture farantin, don ruwan zafi ne kawai mai launi.

Litinin, da yamma

Shinkafa da wake, ba gishiri. Ya cinye.

Laraba, bayan la'asar

Yaya ta zo. Yayarsa ce, ita ta goye shi, kuma har yau ba ta yarda ta kwance zanin goyon ba. Ta shigo da kula a hannu, wai ta yi wa ƙaninta farfesun kifi irin na masu jinya. Ta gaishe ni sama sama, ta zarce kicin ɗina ba sallama. Ina tsaye a bakin ƙofa tana buɗe robobi ɗaya bayan ɗaya, tana shinshinawa.

"Ina gishirin?"

"Na fitar da shi, Yaya."

"Ina kika kai shi?"

"Na ba matar tela, maƙwabciyarmu."

"To, Allah ya sa da gaske ne."

Da gaske ne. Tun ranar Asabar na kwashe shi duka, har na cikin ɗan kwanon da ke gefen gas, na haɗa da dunƙule na miƙa ta katanga. Na ce ba za a yi tukunya biyu a gidan nan ba, abin da ya ci shi zan ci. Ban gaya wa Yaya wannan ba, don ba lada nake nema a wurinta ba.

Abin da ta faɗa min a barandar asibiti, a gaban 'ya'yana, ba zan rubuta shi ba. Ba na son in buɗe littafin nan in gan shi.

Farfesun nata ya sha cokali kaɗan ya ce ya ƙoshi. Na ji daɗi, Allah ya yafe min.

Jumma'a, da safe

Na yi waya da Auta, ta koya min dabaru daga wayarta. Lemun tsami, tafarnuwa, citta, albasa a soya ta a hankali har ta yi zaƙi. Wai harshe yana ruɗuwa ya manta da gishiri. Na ce mata ke da kike ƙona ruwan zafi yau ke ce malamata. Ta yi dariya, ta ce, "Umma, ki dai gwada."

Jumma'a, bayan magariba

Na gwada. Na wuni a tsaye, ƙafafuna har sun kumbura. Na gasa kifi da lemun tsami da tafarnuwa, na yi masa miyar tumatir da albasa, kuma wallahi abin ya ciyu. Har matar tela ta leƙo ta katanga tana tambayar me ake yi a gidan nan.

Na ajiye masa, na zauna ina kallon bakinsa.

"Yaya ka ji?"

"Alhamdu lillahi."

"Shi ke nan?"

"Sannu da aiki."

Mutumin da a da idan ya kai loma ɗaya zai lissafa min abin da ke cikin tukunya, har ya ce albasarki ta ɗan kama, Mai Ludayi, waya kika tsaya yi ko? Yau sai sannu da aiki, kamar yana sallamar lebura. Na gane. Tunda ba gishiri, duk wahalar da zan sha banza ce a wurinsa.

Lahadi, bayan azahar

Sabon salo. Ya ɗauki farantinsa ya tafi wurin tattabaru, ya zauna a kan bencin da ke can, ya ba ni baya. Wai ɗaki ya yi masa zafi, iska yake so. Tunda aka kawo ni gidan mutumin nan ba mu taɓa raba wurin cin abinci ba, ko da kuwa muna gaba. Mun sha yin faɗa da safe, da rana mu zauna kan tabarma ɗaya muna miƙa wa juna ruwa ba magana.

Na ci nawa a kicin, a tsaye.

Litinin, da rana

Taliya. Wurin tattabaru. Ya cinye.

Talata, da rana

Na ƙona shinkafa. Ba da gangan ba, tunani ne ya ɗauke ni har ƙauri ya cika gidan. Ba ni da ƙarfin sake wata, sai na kwashe ta saman na kai masa, ina jiran ya yi magana in samu wanda zan sauke wa abin da ke cina. Ya dawo da faranti wayam.

"Ba ka ji komai ba?"

"Kamar me?"

Na yi tsaki na bar wurin. Wato yanzu na kai matsayin da ake tausaya min. Gara ya zage ni da wannan haƙurin nasa na munafunci.

Alhamis, bayan la'asar

Mun koma ganin likita. Yaya ta ce sai ta bi mu, ta kuma biyo. Aka ɗaura masa abin awon jini, likita ta duba, ta sake ɗaurawa, ta sake dubawa. Ta cire tabarau.

"Jinin bai sauka yadda nake so ba. Yana shan magani?"

Na ce da hannuna nake ba shi.

"Gishiri fa, Mama? Kin tabbata?"

Kafin in buɗe baki Yaya ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Likita, hannun da ya saba ai ba ya jin magana. Ni na faɗa tun ranar farko."

Na juya na kalle shi. Jira nake ya ce matata ba ta sa ko ƙwaya ɗaya, ita ma lami take ci saboda ni. Kalma biyu kawai. Ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar agogonsa.

A mota taga kawai nake kallo. Yaya ce ta yi ta magana, har muka sauke ta.

Tunda yau an maimaita shi a gaban baƙuwa, bari in rubuta. A barandar asibiti cewa ta yi, "Girkinki ne ya kwantar min da ƙani. Shekara da shekaru kina ɗura masa gishiri da mai, ga shi kin ga ƙarshen abin." Ita ce fa take aiko jikarta da kwano duk ranar da ta ji na yi miyar kaza.

Jumma'a, da safe

Ban yi barcin kirki ba. Idan gaskiya ta faɗa fa?

Asabar, bayan azahar

Ina wanke farantinsa na ji tsakuwa tsakuwa a ƙarƙashin soso. Na ɗaga na duba, wani jan gari ne ya kwanta a gindin farantin. Ni ban sa komai ja a abincin yau ba. Na tuna jiya ma na gani, na ɗauka ƙura ce iska ta zuba masa. Na dangwala da yatsa na kai baki.

Ƙasa ce. Ƙasa mai gishiri.

Na san ta. Duk bayan wani lokaci yakan kwaɓa wa tattabarunsa jar ƙasa da ɓawon ƙwai da gawayi da gishiri mai yawa, ya dunƙule, ya shanya ya bushe, ya ajiye musu suna tsattsaga. Wai yana ƙara musu ƙwarin ƙwai. Na kwashe gishirin kicin, na kwashe na ɗaki, ban tuna da na tsuntsaye ba.

Lahadi, da rana

Na kai masa abinci, na koma ɗaki, na tsaya a bayan labule.

Ya waiga ya ga ba kowa. Ya zura hannun damansa cikin ɗakin tattabaru, ya ciro dunƙulen ƙasar, ya kankare shi da bayan cokali a kan shinkafata. Ya ci loma ɗaya, ya tsaya. Ya ƙara kankarewa. Daga nan ya ɓalli ɗan guntu ya ɗora a kan harshe, ya rufe ido. Dattijo da furfura, mai jikoki, yana tsotsar abin da tsuntsaye suka taka da ƙafa.

Ni ina nan ina cin lami, ana zagina a gaban likita, shi yana can yana lasar ƙasa. Kuma ya ji duk abin da yayarsa ta faɗa, ya san inda gishirin yake fitowa, ya yi gum.

Ban fita ba. Na ji tsoron abin da bakina zai faɗa.

Litinin, da hantsi

Yana wanka na je na ɗauke dunƙulen, na farfasa shi da taɓarya, na zuba a kwata na bi da bokitin ruwa. Da ya fito ya je ya yi ta lalube, sannan ya zo bakin kicin ya tsaya.

"Kin ga abin tattabarun nan?"

"Na gani. Yana kwata."

"Za su daina ƙwai fa."

"Su daina. Ni ba ƙwan tattabara na aura ba."

Ya gane na sani. Na ajiye wuƙa na juyo, na ba shi dama ya faɗi wani abu, ko haƙuri, ko ƙarya, ko ma faɗa. Sai ya juya ya ja ƙafarsa ya tafi.

Talata, da yamma

Ya ci rabi.

Laraba, da yamma

Cokali kaɗan. Ya zuba wa tattabaru sauran, ina gani.

Alhamis, da rana

Auta ta kira, ta ce in karanta mata abin da babanta ya ci a makon nan. Na ce littafin ya yi nisa. Ta ce muryata ta canza. Na ce mura ce.

Ba zan iya gaya wa 'yarsa abin da na gani ta bayan labule ba. Ko Yaya ban gaya wa ba, ita da maganar za ta wanke ni tas a wurinta. Ina ji ina gani na zaɓi a ce ni ce mai laifi, da a ce mijina yana satar abincin tsuntsaye. Ban san ko so ne wannan ko wauta ba. Shi dai bai yi min ko rabin haka ba.

Asabar, bayan la'asar

Yaya ta zo ta same shi a benci, wando yana neman zamewa daga ƙugunsa. Ta tafa hannu ta yi salati, ta kira ni kamar mai kiran 'yar aiki.

"Ke, zo nan. Dubi yadda ya koma. Da kin cika shi da gishiri, yanzu kuma da yunwa za ki ƙarasa shi?"

"Yaya, abincin yana nan, shi ne ba ya ci."

"Ya ci me? Wannan abin da ko kare aka ba sai ya kalle ka? Idan kin gaji da jinya ki faɗa, in ɗauke shi ya koma wurina. Ni ban gaji da shi ba."

Na sake kallonsa. Ban san me ya sa har yanzu nake kallonsa ba. Yana watsa wa tattabaru hatsi, ɗaya ta hau kan gwiwarsa yana shafa mata wuya.

"Malam, ba ka ji abin da ake faɗa ba?"

"Ku yi haƙuri dai," in ji shi. Ku. Ni da ita, kamar yara biyu suna faɗa a kan ƙwallo.

In na sa gishiri na kashe shi, in ban sa ba na kashe shi. To.

Lahadi, da hantsi

Na leƙa ta katanga na ce matar tela ta ɗan sam min gishiri da dunƙule. Ta ce, "Jiki ya yi kyau ke nan?" Na ce ya yi.

Na aika an yanko kaza.

Lahadi, bayan magariba

Sai na rubuta, in ba haka ba ƙirjina zai fashe.

Na yi miyar kaza irin ta da, wadda yake cewa ko a kabari aka kai masa zai tashi zaune. Na sa mai har yana yawo a sama. Na jefa dunƙule. Da na zo kan gishiri ban ɗiba da yatsu ba, tafin hannu na cika na watsa, na sake cikawa. Ina juyawa ina cewa a raina, gishiri kake so ko? Ga shi nan, ka ci ka ƙoshi, kowa ya huta. Na faɗa. Ba zan ce shaiɗan ne ba, ni ce.

Na shimfiɗa tabarma a ɗaki na ce yau a nan za a ci. Bai musa ba. Na zuba masa a kan shinkafa, na zauna a gabansa na harɗe hannu. Jira nake ya kai loma ɗaya idonsa ya buɗe, ya gane abin da na yi, in ga ko zai ci gaba. So nake in ga wanne ya fi so, ransa ko bakinsa.

Ya kai ta farko. Ya tauna a hankali, ya haɗiye. Ya kai ta biyu, ta uku. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Sai ya ɗago ya yi min ɗan murmushin nan da ya karkace.

"Sannu da ƙoƙari, Mai Ludayi. Kin ga na fara sabawa da marar gishirin nan. Kada ki sa maganar Yaya a ranki."

Na ɗauka gatse ne. Na kalle shi da kyau. Ba gatse ba ne, lallashina yake yi. Ya sake cika cokali zai kai baki, na kama hannunsa na fizge farantin har miya ta zube a tabarma.

"Lafiya?"

"Malam, me ka ji a miyar nan?"

"Miya mana. Ta yi daɗi."

"Gishiri cike da hannu na zuba. Har sau biyu."

Ya kalli farantin, ya kalle ni. Ya ajiye cokalin a hankali.

"Kin zuba," ya ce. Ba tambaya ba ce.

"Na zuba."

Ya gyaɗa kai. Bai tambaye ni dalili ba, kuma da ya tambaya da ya fi min sauƙi.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun da na farka a asibiti. Shayin da kika fara ba ni, na ɗauka ruwan zafi ne. Komai na sa a baki kamar garin katako. Kifin nan da kika wuni kina yi, na ga wahalar da kika sha, na yi ta nemansa a bakina ban same shi ba."

"Shinkafar da ta ƙone fa?"

"Ta ƙone?"

Na rufe fuska da mayafi.

"Abin tattabarun," ya ce, "ba kwaɗayi ba ne. Dubawa nake ko ya dawo. Kullum sai in ce wataƙila yau. In ƙara, in ƙara, shiru."

"Ka bari yayarka tana yanka ni a gaban mutane. Me ya hana ka faɗa?"

"In na faɗi maganar ƙasar tattabarun, sai an tambaye ni dalili. In na faɗi dalilin, kin ji." Ya juya tafin hannunsa yana kallo. "Hannu ya tafi, shago a rufe. Abu ɗaya ya rage da nake yi miki a gidan nan. Na ce in kin sani, shi ke nan, ba za ki ƙara kirana ba. Sai ga shi tun ranar da muka dawo ba ki ƙwanƙwasa ba. Kullum ina benci ina saurare."

Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai ba ni ba. Na ɗauko masa ruwa na tsaya a kansa sai da ya shanye, na ba shi maganinsa, na ɗaura masa abin awon da Auta ta saya. Ina ɗaurawa ya ce, "Ɗanɗana min ita mana. In ji yadda ta yi."

Na dangwala na kai baki. Ba ta ciyuwa. Irin ta shekarar farko ce sak, ta ɗaki ɗaya da risho.

"Ta yi yawa," na ce.

"Ai na san hannunki."

Litinin, da asuba

Yana numfashi. Na tashi na duba ban san sau nawa ba.

Laraba, da yamma

Mun je asibiti mu biyu, ban gaya wa Yaya ba. Shi da bakinsa ya faɗa wa likita maganar harshen da ta ƙasar tattabaru. Ta yi masa faɗa sosai, ta ce yakan faru bayan irin wannan ciwon, wani ya dawo masa, wani bai dawo ba, ba ta da alkawarin da za ta yi. Sannan ta juyo ta ce, "Mama, ki yafe min, na zarge ki."

Na ce ba komai. Maganar kazar Lahadi ba wanda ya ɗauko ta. Ina jira ya faɗa, ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar agogonsa.

Alhamis, da rana

Na mayar wa matar tela sauran gishirinta. Yaya ta kira, ya ce mata laifinsa ne, ta bar ni haka. Ta ce ai dama kullum bayana yake bi. Ba ta nemi a ba ni wayar ba.

Har yanzu ina jin haushinsa. Ina jin haushin kaina fiye da haka. Mutum ɗaya ne a duniya ya san girkina ciki da waje, ya san ranar da na yi shi da farin ciki da ranar da na yi shi da fushi, kuma yanzu ko takarda na dafa masa zai ce sannu da aiki. Wa zan yi wa?

Asabar, bayan azahar

Miyar tumatir da albasa, ba gishiri. Da ta kusa na tsaya da ludayin a hannu na daɗe. Sai na ƙwanƙwasa.

Na ji benci ya motsa, na ji ƙafar tana jan ƙasa tun daga ƙuryar tsakar gida. Ya ɗauki lokaci kafin ya iso. Ya miƙo tafin hannu, babu garin katako, sai ɗan gashin tattabara a jikin yatsa. Na ɗiga masa. Ya lasa, ya ɗaga ido sama, ya daɗe fiye da yadda ya saba.

"Saura kaɗan, Mai Ludayi."

Ɗan kwanon yana nan a gefen gas, wankakke. Na sa yatsu uku a ciki, na ɗebo babu, na barbaɗa a tukunya, na juya. Yana kallona. Na sake ɗiga masa.

"Ya yi," in ji shi.

Na sauke tukunyar.